Midi Sai Tuwona Ya Nuna

Masu karatu, kafin kowa ya buɗe baki ya yi mini dariya, ina so ku tuna ba a haifi kowa da sanin birni ba. Sunana Balki, daga wani ɗan ƙauye can bayan Dungas, inda gidajenmu ba su kai ashirin ba ko an haɗa da rumbuna. Ina da shekara sha tara Inna ta kira ni gindin turmi ta ce matar Yaya Habu ta sauka lafiya a Magaria, an samu namiji, kuma ni za ni in riƙe musu gida.

Da na yi shiru na kama hanya, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma ni da bakina. Ranar tafiya na tsaya bakin rijiya gaban duk 'yan matan garinmu, na miƙa wa Fadi igiyar guga. Fadi ƙawata ce, irin ƙawar da kuke gasar komai tun daga kitso har tsawon tafi. Na ce mata, "Riƙe, na bar miki gado. In kin sake ganina a garin nan, to da takalmi ne a ƙafata."

Ta karɓa ta naɗe a hannu a hankali, ta ce, "Allah ya kai lafiya. Igiya dai tana nan, ba inda za ta."

Inna kuma da ta raka ni bakin gari abu ɗaya ta ce: "Balki, kada ki bari a dawo mini da ke kamar ƙwaryar da aka ƙi a kasuwa." Waɗannan maganganu biyu na ƙulla a bakin zane na shiga Magaria da su.

Zamanin Faransa ne, lokacin da duk wanda ya yi lakkwal, wato makarantar boko, ya iya riƙe alƙalami ake ce masa Mushe. Yaya Habu komi ne a wani kamfanin Nasara mai sayen gyaɗa, shi ke zama gaban ma'auni yana rubutu. Mushe Habu, farin wando, farar riga mai aljihu biyu, agogo a hannu. Ni na san shi yana bin awaki da yagaggen wando, amma ban faɗa wa kowa ba sai ku.

Gidan na kamfani ne, a bayan mangazar da ake jibge buhuna. Ɗaki biyu, rufin kwano, daɓen siminti mai sanyi da santsi. Da shigata bayan magariba na ga daɓen nan na ce lallai nan daka za ta yi daɗi, na fara mirgino turmi. Matar Yaya, Barakatu, ta ɗago daga gadon jego ta ce in na fasa simintin Nasara daga ni har turmin za a auna a zuba a buhu. Akwai kuma teburi da kujera ɗaya tak, inda Yaya ke cin abinci da cokali shi kaɗai, yana fuskantar bango kamar wanda aka yi wa horo.

A nan ya zaunar da ni ya karanta mini doka.

"Balki, a gidan nan ana cin tuwo midi."

Na ce, "To, Yaya. Midin da me ake kaɗa ta, kuka ko kuɓewa?"

Barakatu ta riƙe ciki tana roƙona don Allah in bari, jikinta bai yi ƙwari ba. Yaya bai ko murmusa ba.

"Midi rana tsaka ce. Ƙarfe sha biyu. Na tashi aiki in tarar da tuwo a kan teburi."

Tuwo da rana tsaka? A garinmu fura ake sha da rana, tuwo sai rana ta faɗi. In ka ga hayaƙin tuwo da tsakar rana, to ko an yi haihuwa ko an yi rashi. Amma na gyaɗa kai. Maganar ƙarfe kuma ban gane ta ba, na gyaɗa mata kai ita ma.

"Sau uku na tarar da teburin nan ba komai," ya ce, "kin koma gida. Ba faɗa, ba tsawa. Sau uku."

Na ce a raina, ni da nake tuƙa wa mutum goma sha ɗaya, tuwon mutum ɗaya da mai jego ne zai gagare ni?

Washegari da sassafe, ga-ruwa ya cika mana tulu ya tafi ke nan, sai na ji ana dukan ƙarfe da ƙarfi, nan kusa da mu. To ku sani, a ƙauyenmu akwai wata tsohuwar garma da ke rataye ƙofar mai gari, kuma ba a dukanta sai wuta ta kama. Ban tsaya neman mayafi ba. Na sungumi tulun nan na fita a guje, na zagaya mangaza, na hango hayaƙi yana tashi gindin wata tsamiya. Ban tsaya tambaya ba, na sheƙa wa wutar ruwan.

Da hayaƙi ya lafa sai ga mutum a tsaye. Dogo ne, siriri, da guduma a hannu, ruwa na ɗiga daga hularsa zuwa hancinsa. A gabansa 'yar wuta ce ta kara uku, da gyaɗar da yake gasawa tana iyo.

Ya dube ni, ya dubi gyaɗar, ya ce, "Sannu da aiki."

"Ina gobarar?"

"Kin kashe ta. Karin kumallona ce."

"To me ya sa kake kiran mutane?"

"Ban kira kowa ba. Shida na buga."

"Shidan me?"

"Ƙarfe shida."

Na ɗaga kai na duba tsamiyar. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye da waya, shi kaɗai. Na ce, "Malam, ni ɗaya na gani."

Sai ya yi dariya, na ga wushirya. Ba zan ɓoye muku ba, na gan ta sosai. Amma a lokacin kunya ta fi ƙarfin komai, na juya da tulu ba ko ɗigo. Ga-ruwa ba ya dawowa sai gobe. Na fita neman rijiya a garin da ban sani ba, na ɓace sau biyu, na faɗa gidan wasu mutane ana yi wa tsohonsu aski. Kafin in dawo in hura wuta, Yaya ya zo ya zauna ya kalli teburi ya tashi. A bakin ƙofa ya ɗaga mini yatsa ɗaya.

Barakatu ce ta zaunar da ni ta warware mini. Sunan mutumin Mutari, aikinsa ke nan. Akwai agogo a rumfarsa cikin akwati, shi yake dubawa ya buga wa unguwa lokaci. Da ƙarfensa 'yan dako ke kama aiki su tashi, da shi malamin lakkwal ke sakin yara, da shi motar kamfani ke tashi. Ta ce in dinga ƙirgawa: in na ji tara in fara surfe, goma in yi niƙa, sha ɗaya tukunya ta hau wuta.

Na ce, "Ai Yaya yana da nasa agogon a hannu."

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Ya mutu tun bara. Kullum uku yake nunawa. Kada ki ce na faɗa miki."

Kwana huɗu na yi ina cin nasara da kyar, ina ajiye akushi Yaya na cire takalmi. Rana ta biyar na makara wajen wankin jariri, na kama daka a makare, ina yi ina waƙa. Can na ji ƙarfe, na tsayar da taɓarya na ƙirga, bakwai. Ashe sha ɗaya ne, taɓaryata ta cinye huɗun farko. Ni kuwa na ji tara ɗazu, na ji goma, yanzu ga bakwai. Sai na ce a raina, Allah sarki, ashe abin yana komawa baya in rana ta yi zafi. Har na zauna na gyara lallen ƙafata. Yaya ya ɗaga mini yatsa biyu.

Ranar na shiga madafa na yi kuka na gaske. Na ga kaina ina saukowa bakin rijiyarmu ƙafa ba takalmi, Fadi na kwance igiya daga hannunta a hankali. Na ga fuskar Inna. Tsoro ya kama ni.

Ina cikin haka Iya Mairama mai fura ta yi sallama. Tsohuwa ce da ke zagaya unguwar da ƙwaryarta, kuma duk saƙon da ke yawo tsakanin gidaje a kanta yake tafiya, tare da furar. Ta kan ƙara masa gishiri kafin ya isa, amma yana isa.

"Jikata, mai ƙarfe ya ce in gaishe ki. Ya ce hularsa ta bushe, amma zuciyarsa har yanzu da danshi."

"Shi ya faɗi haka, Iya?"

"Hular dai shi ya faɗa. Ya ce zai zo ƙofa ƙarfe huɗu, in matar gida ta yarda."

"Wa zai buga huɗun?"

"Shi mana. Ya buga ya rugo."

Barakatu ta yarda, har da ara mini ɗan kunnenta. Na ɗaura jan zanena mai ɗigon fari, wanda Inna ta saya mini a kasuwar Dungas, na sa kwalli, na goge, na sake sawa. Aka buga huɗu. Ban gama gyara kallabi ba na ji sallama, mutum yana haki.

Muka tsaya a zaure, shi can ni nan. Ya ce ya zo neman diyyar gyaɗarsa. Na ce ya kai ƙara wurin wanda ya koya masa kiran gobara da asuba. Ya ce ya ji labarin yatsu biyu. Na ce Iya Mairama dai ba ta bar wa gobe komai. Daga nan ban san yadda aka yi ba, hawaye suka zo, na faɗa masa komai, har igiyar Fadi.

Ya murza hula. Can ya ce, "Daga gindin tsamiya ina hango katangarku."

"Sai me?"

"In tuwo ya nuna, ki shanya zanen nan a kanta. Ba zan buga sha biyu ba sai na gan shi."

"Agogon fa?"

"Agogo ba ya magana. Ni da Nasara kaɗai muke duba shi, Nasara kuma yana Damagaram, haƙori ya hana shi sakat. Sai wata ya mutu zai dawo."

Na san ba daidai ba ne. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji na ce, "Ta wane gefen katangar?"

Jama'a, kwana goma sha biyu na yi ina mulkin rana a Magaria. In tuƙa tuwona a natse, in kwashe, in shafe bayan malmala da man shanu, in ɗauki jan zane in yafa a katanga. Kafin in juyo sai ku ji ƙarfe ya fara. Yaya ya shigo ya tarar da akushi na tururi. Rana ta uku ya ce wa Barakatu, "Yarinyar nan ta waye. Ko a Damagaram ba a cika lokaci haka." Rana ta shida ya kawo mini takalmi, na fata, mai igiya a dunduniya. Ban sa ba, na ɓoye a ƙarƙashin tabarma ina leƙawa.

Sai kuma na fara sakaci, ba zan yi muku ƙarya ba. In tsaya hira da Iya Mairama. In tsefe kai. 'Yan dako suka fara ƙorafi wai hantsin bana tsawo gare shi. Yaran lakkwal suna hamma har malaminsu ya fita ya kalli sama ya dawo. Ran nan na manta da zanen gaba ɗaya ina yi wa jariri wasa, har ladan ya kira azahar ba a buga midi ba. Mutanen unguwa suka ce ladan ne ya yi gaggawa, wai tsufa ya fara taɓa shi. Bawan Allah har gida aka bi shi da nasiha.

Kullum huɗu kuma Mutari na zaure yana haki. Ya kan kawo mini gasasshiyar gyaɗa a hula ya ce in riƙe nesa da tulu. Na fara jin muryar ƙarfensa daban da ta kowane ƙarfe. In ya buga da nishaɗi na sani, in ya gaji na sani.

Rana ta goma sha uku, da hantsi, na bar jan zanen a kan gadon Barakatu na fita bayan gida ina surfe. Jariri ya ga zane mai kyau ya yi abin da jarirai suke yi. Barakatu kuwa ta fara jin ƙarfi a jikinta, ta ce bari ta rage mini aiki. Ba ta san komai ba, don ban taɓa faɗa mata ba. Ta wanke shi tas, ta matse, ta shanya a katanga, daidai gefen da ake hangowa daga tsamiya.

Na ji ƙarfe na tsayar da taɓarya, don yanzu na iya. Takwas, tara, goma. Na ɗaga taɓarya zan ci gaba. Sha ɗaya. Na ce a raina hannunsa ne ya zarce. Sha biyu.

Na zagayo a guje na ga zanena yana ɗigar da ruwa a katanga, Barakatu na murmushi tana jiran godiya. A waje kuwa gari ya tashi. Yaran lakkwal sun fito da ihu, 'yan dako sun watsar da buhuna sun nufi inuwa, manoma da jakunansu an bar su a layi gaban ma'auni. Ga takun takalmin Yaya yana matsowa.

Ya shigo ya wanke hannu ya zauna. Ya kalli teburi. Ya leƙo ya kalle ni, da ɗanyen gero a ƙwarya, ko wanki bai samu ba. Ya fito tsakar gida ya fara ɗaga hannu zai nuna mini yatsu, sai idonsa ya faɗa ƙasa. Inuwarsa ce kwance a gabansa, doguwa, har ta hau bangon madafa. Yaya dai ɗan ƙauyenmu ne, duk da farin wando. Ya san rana tsaka inuwa a ƙarƙashin ƙafa take.

Ya dubi sama. Ya dubi agogon hannunsa, wanda ya ce masa uku. Ya fita.

Ba a jima ba na ji su a zaure, shi da Mutari. Na laɓe bayan ƙofa.

"Na duba akwatin da idona. Goma ne. Me ya sa ka buga sha biyu?"

"Hannuna ne ya zarce, Mushe."

"Sau biyu?"

"Gudumar tana da nauyi."

"Mutari, ka sha wani abu ne?"

"Fura kawai, Mushe."

"To shi ke nan. Nasara na dawowa zan faɗa masa. Ka fara neman wani aiki."

Na jira Mutari ya ambaci zane. Kalma ɗaya ce, ya tsira. Sai na ji ya ce, "To, Mushe," kawai. A nan ne na gane ina sonsa, kuma abin ya zo mini da haushi, don ban shirya ba. Na je na fizgo jiƙaƙƙen zanen daga katanga na shiga zauren da shi a hannu.

Na faɗi komai, ina kuka ina jan hanci. Mutari yana ta yi mini alama da ido in bari, ban kula shi ba.

Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kwana nawa?"

"Sha biyu, Yaya."

"Kwana sha biyu ina zaune gaban ma'auni cikina na kuka, ina zaton ciwo ne ya kama ni? Har jiƙo na sha."

Barakatu daga ɗaki ta yi wani sauti ta ce tari ne.

"Kai," ya ce wa Mutari, "tafi ka buga goma, ka tattaro mini mutanena. Ba zan kai ka gaba ba, amma ka kiyaye ni." Ya juyo gare ni ya ɗaga yatsu uku, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. "Gobe motar Mainassara za ta Dungas ɗauko gyaɗa. Ƙarfe bakwai take tashi. Ki ɗaure kayanki."

Barakatu ta roƙe shi har ta ce laifinta ne da na jariri. Ya ce magana ya yi, kuma komi ba ya goge abin da ya rubuta.

Da aka buga huɗu na zauna kusa da zaure, ba wanda ya zo yana haki. Iya Mairama ce ta leƙo wajen la'asar sakaliya.

"Mai ƙarfe ya ce ki ƙirga da kyau gobe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Iya, yau ko gishirin ba ki ƙara ba?"

"Ya hana ni, jikata."

Na ji haushi ƙwarai. Na zubar da zamana a birni saboda mutum, shi kuma abin da ya samu ya aiko mini shi ne darasin lissafi.

Da safe aka buga shida ina ɗaure kaya. Na sa jan zanen a ƙasa, takalmin a sama. Na yi tunanin in sa su in sauka da su gaban Fadi, sai na ga ba amfani, wadda aka koro ko da takalmi an koro ta. Na sumbaci jariri, Barakatu ta cusa mini sabulu a ƙunshi tana share ido. Yaya yana ɗaki yana aske gemu, ya ce in gaida Inna.

Motar tana bakin mangaza, hancinta na kallon hanyar Dungas. Mainassara shofer, wato direban motar, mutum ne mai doka, bai taɓa tashi kafin bugun bakwai ba, bai kuma taɓa ƙara numfashi bayansa ba. Na hau baya na zauna kan tarin buhunan da ba komai a ciki. Daga nan ina hango ƙofar gidanmu, ina hango tsamiya. Na juya mata baya.

Rana ta ɗaga. Mainassara ya tada mota, ta hau rawa. Sai ƙarfe ya fara, kowane bugu yana sauka a ƙirjina. Na ƙirga ba don an ce in ƙirga ba, sabo ne kawai. Huɗu, biyar, shida. Na runtse ido ina jiran na ƙarshe.

Shiru.

Mainassara ya leƙo ta taga. "Ke 'yan mata, nawa kika ji?"

"Shida."

"Ɗazu ma kamar shida na ji."

"Ni dai shida na ƙirga, Malam, kuma na iya ƙirga."

Ya sosa ƙeya, ya kalli rana, ya bar mota tana rawa a tsaye. Sai ga Iya Mairama gefen taya, ta sauke ƙwarya kamar mai hutawa.

"Tun jiya mai ƙarfe ya aika wa kawunsa," ta ce ba ta dube ni ba. "Kawu Bawa, na can ƙarshen gari. Sun taso tun sallar asuba da goro, shi da dattawa biyu. Ƙafarsa ce ba ta sauri."

Na sunkuyo wajenta. "Iya, har yaushe shidan nan za ta kai?"

"Sai ƙafar Kawu ta kai ƙofarku."

Na miƙe tsaye kan buhuna. Can ƙarshen layi na hango su, tsofaffi uku cikin manyan riguna, na tsakiya da sanda, na baya da ƙwarya a lulluɓe. Kuma Kawu Bawa irin tsohon nan ne da ba ya wuce kowa. Ya tsaya ya gaida mai kayan miya. Ya tsaya ya tambayi wani lafiyar jakinsa. Na ji kamar in sauka in goya shi.

Sai ƙofarmu ta buɗe. Yaya ya fito da sauri, rabin gemu a aske, rabi da kumfa, ya nufi tsamiya. Shi ma ya ƙirga. Mutari na tsaye da guduma a rungume, bai gudu ba, bai kuma buga ba. Taku goma ya rage tsakaninsu, na ji wata murya mai rawa ta ratsa layin.

"Salamu alaikum. Ɗana, nan ne gidan Habu komi?"

Yaya ya tsaya cak. Ya juyo ya ga dattawa, ya ga ƙwaryar goro. Ya dubi Mutari. Ya ɗago ya dube ni a kan buhuna da ƙunshi a hannu. Ban san me ya gani a fuskata ba, ni dai na san roƙo nake da duk abin da Allah ya ba ni. Ya share kumfa da hannun riga, ya rusuna ya amsa sallama.

Mainassara ya ɗaga murya. "Mushe, kai ke da agogo. Bakwai ta yi ko ba ta yi ba?"

Yaya ya ɗaga hannu ya kalli agogon nan nasa, ya daɗe yana kallo kamar mai karanta wasiƙa.

"Ba ta yi ba," ya ce. "Balki, sauko, muna da baƙi."

Ban san lokacin da na diro ba. Ina isa gabansa ya miƙo hannu, na zaci kaina zai dafa.

"Ba ni jan zanen."

Na kwance ƙunshi a tsakiyar hanya na ba shi. Ya naɗe ya sa a hammata.

"Dattawan nan a gidan nan za su ci tuwo. Midi. Ni da kaina zan tsaya gaban akwatin."

Ƙafata na taɓa zaure Mutari ya buga na bakwai, guda ɗaya, mota ta tashi ba ni. Masu karatu, sai a lokacin lissafi ya zo mini: kwana sha biyu rabona da midi na gaskiya, ga baki huɗu a kan teburi mai kujera ɗaya, ga dangin Mutari za su ɗanɗana hannuna karon farko. Na jefar da takalmin a ƙofar madafa na ruga wajen turmi.